Minti 14: yadda talabijin ta shiga lakwal a Nijar kafin ta shiga gida

A yawancin ƙasashen duniya talabijin gida ta fara shiga, daga baya aka yi tunanin kai ta makaranta. A Nijar abin a juye ya zo. Yaran firamare a Yamai sun fara kallon darasi a akwatin talabijin tun 1964, alhali Télé Sahel, wadda ta kawo mana labarai da kokowa da wasan kwaikwayo har cikin gida, sai a 1979 ta fara aiki. Shekara 15 ke nan tsakani. Da yawa daga cikin abokan aikina malamai ba su taɓa jin wannan labari ba, waɗanda suka ji kuma abin da suka riƙe shi ne wai Turawa sun taɓa sa akwati ya koyar da yara. Ni kuwa abin da ke bayan akwatin ya fi ɗaukar hankalina: mutane nawa, takarda nawa, gwaji nawa ake yi kafin yaro ya ga minti 14 na darasi. Tunda yanzu ma an dawo ana ce mana waya da bidiyo za su cike gurbin malami, ya kamata mu da iyaye mu san yadda aka yi wancan karon.

Lokacin da ƙasar ta samu ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Malaman da suka yi makarantar horon malamai ƴan kaɗan ne, kuma horar da sabbi yana cin shekaru. Gwamnatin Diori Hamani da hukumar haɗin gwiwa ta Faransa suka shirya gwaji. A 1964 aka fara da aji 2 a Yamai, waɗanda aka haɗa da ɗakin shirye-shirye ta waya. A 1966 aka fara watsawa ta iska zuwa wasu azuzuwa 20 a ƙauyukan kewayen birnin, jimilla aji 22 da yara wajen 800. Wani Bafaranshe mai suna Max Egly ne ya jagoranci ɓangaren koyarwa. Waɗanda aka sa a azuzuwan ba cikakkun malamai ba ne, samari ne masu sartifika ta firamare da aka yi wa horo na ƴan watanni, ana kiran su monita. A rana ana watsa shiri 4, kowane wajen minti 14, kuma tsakanin shiri da shiri monita ne ke riƙe da aji, yana bin takardar da aka aiko masa daga Yamai, yana sa yara su maimaita, su zana, su yi wasa da abin da suka gani.

Don a gane wahalar haɗa waɗannan mintuna, sai an koma baya kaɗan, an bar Nijar an je inda sana'ar ta samo asali. Gidan BBC ya fara watsa talabijin a kai a kai a Landan ranar 2 ga Nuwamba 1936. A lokacin babu na'urar da ke adana hoton talabijin. Abin da kyamara ta gani a ɗakin shiri, shi mai kallo ke gani a gida a daidai wannan daƙiƙa. Masu majigi ba su da wannan damuwa: kyamara ɗaya ce, a ɗauki fuskar wannan, a tsaya, a juya a ɗauki fuskar wancan, bayan mako ko wata a zauna da almakashi a haɗa. Mai talabijin ba shi da damar tsayawa. In yana son mai kallo ya ga ɗaki gaba ɗaya, sannan ya ga fuska, sannan ya ga hannu, dole ya ajiye kyamara biyu ko uku suna aiki lokaci guda, wani mutum kuma ya zauna yana zaɓen wadda za ta fita. Aikin da mai majigi ke yi da almakashi bayan an gama, mai talabijin da yatsa yake yin sa ana cikin yi.

Dabarar ta yi amfani har masu iya tsayawa ma suka are ta. A 1951 a Amurka, wasan barkwanci na I Love Lucy ya riƙa ɗauka da kyamarorin majigi 3 a gaban ƴan kallo. Karl Freund, tsohon mai ɗaukar hoto da ya yi suna a majigin Jamus, shi ya warware musu matsalar fitila: ya shimfiɗa haske daga sama daidai wa daida, yadda duk inda kyamara ta tsaya za ta samu fuska a fili. A 1956 kamfanin Ampex ya fito da na'urar naɗar hoto a zare mai faɗin inci 2. Sai dai gyaran wannan zare azaba ne. Ba a ganin hoto a jikinsa kamar na majigi, sai an shafa wani ruwa mai garin ƙarfe layukan su bayyana, a duba da madubin ƙara girma, a yanka da reza, a liƙa. Zaren kuma da tsada. Shi ya sa har cikin shekarun 1960 shirin da aka naɗa ma kamar kai tsaye ake yin sa: a fara daga farko a tafi har ƙarshe, in an yi babban kuskure a koma a sake. A wannan zamani, da irin waɗannan kayan aiki, aka buɗe ɗakin shirye-shirye na Yamai.

Ga yadda irin wannan ɗaki yake aiki, kuma tsarin bai canza sosai ba har yau. Wuri biyu ne. Akwai fili, inda masu wasa da kyamarori da fitilu suke. Akwai kuma ƙaramin ɗakin sarrafawa, wanda ma'aikatan gidan talabijin namu ke kira reji. A reji akwatuna ne jere a bango, kowace kyamara da nata, da wani guda da ke nuna abin da ke fita. Mai ba da umarni yana zaune gabansu. Kusa da shi akwai mai danna maɓallan sauya kyamara, da mai riƙe da agogo da takardar shiri tana kiran lambar hoto na gaba, da mai kula da sauti, da mai daidaita hasken hotuna don kada fuska ta yi fari a kyamara ta ɗaya ta yi duhu a ta biyu. Kowane mai kyamara yana da abin sauraro a kunne. A saman kowace kyamara akwai ƴar jar fitila. In ta kama, hotonka ne ke fita, ba ka da ikon motsin banza. In ta mutu, kana da daƙiƙa kaɗan ka tura kyamara, ka juya madubi, ka tsaya a hoto na gaba. Kyamarorin wancan lokaci da yawa madubai uku ko huɗu ne a kan faranti mai juyawa, kuma ba a juya shi jar fitila na kunne, in ba haka ba mai kallo ya ga duniya ta kife.

A fili kuwa ba a magana. Mai kula da fili ne kunnen mai ba da umarni, kuma da hannu yake isar da saƙo: ya nuna ka da yatsa, fara, ya juya yatsa da sauri, gaggauta, ya ja hannuwa kamar mai jan danƙo, ja lokaci, ya gitta hannu a wuya, yanke. Duk malamin da ya taɓa tsawata wa yaro da ido alhali bakinsa na ci gaba da bayani ya san wannan yare.

Tsayuwar kyamarori ma da ƙa'ida. In mutum biyu na hira, ta tsakiya ce ke ɗaukar su duka. Ta hagu tana ɗaukar fuskar wanda ke dama, ta dama kuma tana ɗaukar wanda ke hagu, sun gitta kamar almakashi, don a samu idanu biyu na kowa maimakon kunne da ƙeya. Sannan akwai wani layi da ba a gani, wanda ya ratsa tsakanin mutanen biyu, kuma duk kyamarorin dole su tsaya gefe ɗaya nasa. Misalin da kowa zai gane shi ne kokowa. Gasar takobi da aka fara a Tawa a 1975 yau kusan duk ƙasa ke kallonta kai tsaye. A ce ɗan kokowar Maraɗi yana hagu, na Dosso yana dama. In mai ba da umarni ya sauya zuwa kyamarar da ke ɗaya gefen fili ba tare da shiri ba, nan take na Maraɗi ya koma dama, mai kallo ya rasa wa ke tura wa. A filin kokowa ruɗanin daƙiƙa biyu ne. A darasin yaro ɗan shekara 7 da ake koya wa hagu da dama, ko ake koya wa cewa rubutun boko daga hagu yake tashi, wannan kuskure ya rushe darasin gaba ɗaya.

Haske ma sai an yi masa lissafi. Ga babbar fitila mai haska fuska, ga ta biyu mai rage inuwa, ga ta baya mai raba mutum da bango, kuma dole su yi wa kyamara uku daidai a lokaci guda. Kyamarar baƙi da fari ta lokacin ba ta jure tazara mai yawa tsakanin haske da duhu. Baƙar fuska cikin farar riga ƙal matsala ce: in an daidaita don riga, fuska ta ɓace, in an daidaita don fuska, riga ta ƙone. Don haka har launin tufafi sai an zaɓa tun kafin ranar ɗauka. Kyamarorin kuma sai an kunna su sun ɗumama an daidaita su kafin a fara, ga fitilu masu zafi, ga zafin Yamai na watan Afrilu, ga ƙurar hunturu da ba ta shiri da na'ura.

Amma abin da ya fi kama da aikinmu shi ne takarda. Kafin a kunna fitila ko ɗaya, an rubuta shirin gaba ɗaya a shafi mai gida biyu: gefe guda abin da za a ji, gefe guda abin da za a gani. Kowane hoto da lambarsa, da kyamarar da za ta ɗauke shi, da girmansa, ko ɗaki duka, ko daga ƙirji zuwa kai, ko hannu kaɗai. An zana taswirar fili, an sa alama a ƙasa inda kowa zai tsaya, an duba hanyar da kowace kyamara za ta bi don kada wayoyinsu masu kauri su sarƙe. Kowane mai kyamara an liƙa masa ƴar takarda mai lambobin hotunansa kaɗai. Sannan gwaji: a karanta a zaune, a taka a fili ba kyamara, a yi da kyamara ana tsayawa ana gyara, a yi na ƙarshe ba tsayawa. Lokaci kuma daga ƙarshe ake ƙirga shi. In waƙar rufewa daƙiƙa 40 ce kuma shirin minti 14 ne, to a minti 13 da daƙiƙa 20 dole ta tashi, ko mai magana ya gama ko bai gama ba. A makarantar horon malamai an sa mu rubuta fish na kowane darasi, da gidan abin da malami zai yi, da gidan abin da ɗalibi zai yi, da mintunan kowane mataki. Takardar reji ita ce wannan fish ɗin, sai dai an ƙara mata gida ɗaya da tamu ba ta da shi: inda idon yaro zai kasance a kowace daƙiƙa.

Wannan gida shi ne duk ribar kyamara da yawa a koyarwa. A ɗauki darasin tarawa, 3 da 2. A aji mai yara 80, malami ya ɗaga tsakuwa, na gaba sun gani, na baya suna kallon ƙeyar na gaba, wani yana kallon akuya ta taga. A talabijin kyamara ta ɗaya ta nuna yara biyu a kasuwa, ta biyu ta matso kan tabarma inda goro 3 yake, hannu ya shigo ya ajiye 2, ta uku tana jiran kati mai zanen lambar 5, kuma ana sauyawa zuwa gare ta a daidai lokacin da baki ya furta kalmar. In katin ya riga kalmar, yaro ya karanta bai ƙirga ba. In ya makara, hankalinsa ya tafi. Masu shirin Yamai sun fahimci wannan, shi ya sa suka guji ajiye malami gaban allo yana zuba bayani. Sun fi amfani da ɗan wasan kwaikwayo, da zane, da abubuwan da yaron ƙauye ya sani. Ƙungiyar da ke wannan aiki ta haɗa malamai, da masu zane, da masana halayyar yara, da masu fasaha, ana kuma bin azuzuwa ana duba abin da yara suka gane da abin da ya wuce su, a dawo a gyara shiri na gaba.

Masu bincike daga waje sun zo sun gani. Wilbur Schramm na jami'ar Stanford, wanda ya yi nazarin irin wannan gwaji a Samowa ta Amurka da Salbado, ya sa Nijar cikin misalan da ya yi rubutu a kansu. Abin da aka fi yabawa shi ne yara ba sa gudun lakwal, ba a maimaita aji, kuma suna magana da Faransanci ba tsoro, abin da ba a saba gani ba a ajin bulala da haddar dole. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban yarda da masu cewa gwajin wasan Turawa ne kawai ba.

Sai dai a duba lissafin. Shekara da shekaru yara 800 ɗin nan su kaɗai ne. Ɗakin shirin yana haɗa darussan aji ɗaya a shekara, yana hawa tare da su zuwa aji na gaba, ƙwararru da yawa daga Faransa suna aiki don yaran da ba su fi na manyan makarantu biyu na Maraɗi a yau ba. Talabijin tana araha ne in masu kallo sun yi yawa, don kuɗin haɗa shiri ɗaya ne ko yaro 800 ya kalla ko 800,000. Faɗaɗawa kuwa tana buƙatar tashoshin watsawa a ƙasa mai faɗin kilomita murabba'i 1,267,000, da akwatuna, da masu gyara, da wuta a ƙauyen da ba lantarki. A nan ne wani abin tarihi ya faru da ba a cika faɗa ba: a 1968 aka gwada kunna akwatin wata makaranta kusa da Yamai da faranti mai zuƙar hasken rana, ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na irin wannan a Afirka. Fanon da ke kan rufin shagon mai cajin waya a unguwarku yana da kaka a lakwal.

Akwai kuma maganar harshe, wadda a ganina ta fi ta kuɗi nauyi. Duk wannan ƙwarewa an zuba ta ne don yaro Bazabarme ko Bahaushe ko Bafillace ya shiga Faransanci tun ranar farko. A shekarar da aka fara gwajin, 1964, Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa yanzu, ya fitar da littafinsa kan ilimi a Afirka, inda ya kare koyarwa cikin harsunan gida. Shi ne kuma daga baya ya shugabanci ofishin makamashin hasken rana na ƙasa. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, ba kyamara, ba reji. Na kan yi tunanin abin da zai faru da an haɗa gwajin biyu wuri ɗaya, kyamara uku da harshen da yaro ke mafarki da shi.

A farkon shekarun 1970 aikin ya koma hannun ƴan ƙasa, azuzuwan suka ƙaru har suka wuce 100. Amma lokacin ya zo daidai da babban fari, sannan juyin mulkin Seyni Kunce na Afrilu 1974. Hankalin gwamnati ya koma kan abinci, daga baya kuma kan talabijin ta ƙasa baki ɗaya. Kodibuwa, wadda ta ɗauki darasi daga Nijar ta buɗe nata babban shiri a Buwake a 1971, ta kai shi ga dubban ɗaruruwan yara, amma ita ma ta rufe a farkon shekarun 1980 bayan ƙorafin iyaye da malamai kan rubutun yara da kuma tsadar abin. A Nijar kayan aiki da ma'aikatan da talabijin ta makaranta ta horar su ne suka zama harsashin Télé Sahel. Kafin nan mutanen kan iyaka, daga Maraɗi zuwa Ƙonni, masu hali sun riga sun ɗaga dogayen eriya suna kamo tashoshin Najeriya, inda talabijin ta fara a Ibadan a 1959, a Kaduna kuma a 1962.

Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, na ga bidiyoyin darasi da yawa suna yawo a WhatsApp, wasu na malaman da na sani masu ƙwazo ne. Kusan dukansu iri ɗaya ne: waya ɗaya a jingine, malami daga nesa, allo yana ƙyalli, minti 40 ba sauyi. Wayar da ke aljihun kowannenmu ta fi kyamarar 1964 kyawun hoto nesa ba kusa ba, abin da ya ɓace shi ne takardar mai gida biyu. Malamai uku da waya biyu za su iya: ɗaya a kan malami daga ƙirji zuwa kai, ɗaya a kan hannu da abin da ake nunawa, duka a gefe ɗaya na layi, taga tana gaban malami ba bayansa ba, darasi ɗaya ra'ayi ɗaya, kada ya wuce minti 14. A rubuta lambar kowane hoto kafin a fara, a gwada sau biyu. Sannan a rubuta rabin shafi na abin da uwa ko yaya ko malamin ƙauye zai sa yaro ya yi da zarar bidiyon ya ƙare, a tura shi tare da bidiyon, kamar yadda ake aika wa monita tasa takardar daga Yamai.